Yadda ake juya shekarun Rumawa na AUC zuwa Miladiyya

Duk wanda ya ɗan zurfafa a karatun tarihin Rumawa zai ci karo da shekara mai haruffa uku a gefenta, AUC. Za a ce maka an kashe Yuliyus Kaisar a 710 AUC, ko Rumawa sun rushe birnin Carthage a 608 AUC. Haruffan taƙaitawa ce ta kalmomin Latin ab urbe condita, wato tun daga kafuwar birni, birnin kuwa Rum ake nufi. Juya irin wannan shekara zuwa Miladiyya ba ya cin minti ɗaya idan ka riƙe lambobi biyu a ka. Inda aikin yake shi ne gano lissafin wa kake juyawa, domin malaman Rum ɗin kansu bakinsu bai zo ɗaya ba a kan shekarar da aka kafa birninsu. Zan fara da mai sauƙin, amma na biyun ne ya sa na zauna rubuta wannan.

Lambobi biyu, 753 da 754

Ƙidayar da littattafan zamani suke bi ta Marcus Terentius Varro ce, wani babban malamin Rum da ya rayu daga 116 zuwa 27 kafin Miladiyya. A lissafinsa, Romulus, wanda al'ada ta ce shi ne sarkin Rum na farko, ya kafa birnin ranar 21 ga Afrilu ta shekarar da muke kira 753 kafin Miladiyya. Ita ce shekara ta 1 AUC. Daga nan ƙidaya ta miƙe ba tsayawa: 753 AUC ita ce shekara ta 1 kafin Miladiyya, mai bi mata kuma, 754 AUC, ita ce shekara ta 1 Miladiyya.

To fara duba lambar da ke gabanka. Idan ta kai 754 ko ta wuce, ɗebe 753 daga cikinta, abin da ya rage shi ne shekarar Miladiyya. Ɗauki 832 AUC, ka ɗebe 753, saura 79, shekarar da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne Pompeii. Haka 1229 AUC za ta ba ka 476, lokacin da aka tuɓe Romulus Augustulus, sarkin ƙarshe na daular Rum ta Yamma. Idan kuwa lambar ba ta kai 754 ba, kana ɓangaren kafin Miladiyya ke nan, sai ka ɗebe ta daga 754. A ɗebe 710 daga 754, saura 44, shekarar kisan Kaisar. A ɗebe 608, saura 146. A ɗebe 538, saura 216, shekarar da Hannibal, janar ɗin Carthage, ya yi wa rundunar Rum kaca-kaca a Cannae.

Idan daga Miladiyya za ka koma AUC, hanyar ɗaya ce. Shekarar Miladiyya ka tara mata 753, ta kafin Miladiyya ka ɗebe ta daga 754. Shekarar 2025 ta zama 2778 AUC ke nan.

Dalilin da ya sa lambobin suka zama biyu shi ne babu shekarar sifili. Ƙidayar Miladiyya da wani malamin Kirista, Dionysius Exiguus, ya ƙirƙiro a 525 daga 1 ta fara, waɗanda suka miƙa ta baya daga bisani su ma daga 1 suka fara. Daga 31 ga Disamba na shekara ta 1 kafin Miladiyya, washegari 1 ga Janairu ne na shekara ta 1 Miladiyya. Mafi yawan kurakuran da nake gani a wannan lissafi daga nan suke fitowa: mutum ya yi amfani da 753 a ɓangarorin biyu, sai duk shekarunsa na kafin Miladiyya su goce da ɗaya. Duk sanda shakka ta kama ka, gwada ƙa'idarka da 1 AUC. Idan ba ta ba ka 753 ba, ka ɗauki lambar da ba ita ba.

Kada tsawon shekarar ya dame ka. Juya Hijiriyya yana buƙatar ƙarin aiki saboda shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, amma a nan kowace shekarar Rumawa tana da takwararta guda a Miladiyya. Ko 708 AUC, wato 46 kafin Miladiyya, wadda Kaisar ya ja ta har kwana 445 don ya dawo da watanni daidai da yanayi kafin sabuwar kalandarsa ta fara aiki, shekara ɗaya ake ƙirga ta.

Akwai wani amfani na wannan ƙidaya da nake ganin ba a cika ambata ba. Idan kana son sanin tazarar abubuwa biyu, ɗaya kafin Miladiyya ɗaya bayanta, mayar da su duka AUC ka ɗebe, matsalar sifili ta kau. An haifi Augustus, sarkin farko na daular Rum, ranar 23 ga Satumba, 63 kafin Miladiyya, wato 691 AUC. Ya mutu ranar 19 ga Agusta, 14 Miladiyya, wato 767 AUC. Tsakaninsu 76, amma ranar haihuwarsa ba ta zagayo ba, saboda haka yana da 75. Marubucin tarihin sarakunan Rum, Suetonius, ya ce saura kwana 35 ya cika 76, kuma idan ka ƙirga daga 19 ga Agusta zuwa 23 ga Satumba, 35 ɗin za ka samu. Wanda ya tara 63 da 14 kai tsaye 77 zai samu, ya ƙara wa mutumin shekarun da bai yi ba.

Sau da yawa lambar za ta zo maka da haruffa. I ɗaya ne, V biyar, X goma, L hamsin, C ɗari, D ɗari biyar, M dubu. Ana tara su daga hagu zuwa dama, sai dai idan ƙarami ya gabaci babba, a nan ɗebewa ake yi, kamar IX tara ko XL arba'in. A rubutun da aka sassaƙa a dutse ko aka buga a kuɗi kuwa, za ka riƙa ganin IIII a madadin IV, da VIIII a madadin IX, kuma ba kuskure ba ne. Sarki Hadrian ya buga wani kuɗi mai ɗauke da ANN DCCCLXXIIII NAT VRB. Karanta shi a hankali: D 500, CCC 300, L 50, XX 20, IIII 4, jimla 874. Ɗebe 753, ka samu 121 Miladiyya, shekarar da ya ƙara wa bikin ranar haihuwar birnin wasannin tseren keken doki. Kuɗin Rumawa masu ɗauke da shekarar AUC ba su da yawa ko kaɗan, shi ya sa wannan ya yi suna.

Lissafin wa kake juyawa?

Varro ya rayu ne kimanin shekara 700 bayan abin da yake sa wa rana. Ba shi da wata takarda daga zamanin Romulus. Lissafi ya yi da baya-baya. Rumawa suna da jerin sunayen konsul, wato shugabanni biyu da ake zaɓa kowace shekara tun da aka kori sarki na ƙarshe aka kafa jamhuriya. Ƙirga jerin ya kai shi 509 kafin Miladiyya. Sai ya ɗora shekara 244 da al'ada ta bai wa sarakuna bakwai na farko, ya sauka a 753. Sarakuna bakwai a jere, kowane da kusan shekara 35 a kan karaga, abu ne da masana tarihi suke ɗaga wa gira. Plutarch ya kuma ba da labarin cewa Varro ya nemi abokinsa Tarutius, masanin taurari, ya gano masa rana da sa'ar haihuwar Romulus ta hanyar duba ayyukansa da irin mutuwarsa. Masu tonon kayan tarihi sun sami alamun bukkoki na ƙarni na 8 kafin Miladiyya a kan tudun Palatine, sun kuma sami alamun zaman mutane a yankin da suka girmi haka. Rum ta girma ne sannu a hankali daga ƙauyukan kan tuddai. Saboda haka 753 lamba ce da aka yarda a auna da ita, kuma ni a haka nake ɗaukarta.

Wasu malaman sun sauka a wasu shekarun. Fabius Pictor, Barume na farko da ya rubuta tarihin birninsa, kuma da Girkanci ya rubuta, lissafinsa ya faɗa 748 ko 747. Na Cincius Alimentus ya faɗa 729 ko 728. Cato Babba ya ƙirga shekara 432 bayan yaƙin Troy, abin da ya kai shi wajen 751. Timaeus, Bagirke daga tsibirin Sicily, ya ja abin har 814, ya ce shekara ɗaya aka kafa Rum da Carthage. Dalilin da ya sa ake rubuta wasunsu da shekaru biyu shi ne da ƙidayar wasannin Olympia ta Girkawa aka adana su, wadda ta fara daga 776 kafin Miladiyya, kuma shekararta daga tsakiyar tamu take farawa, sai ta hau kan shekarunmu biyu.

Wanda zai fi ba ka wahala a aikace shi ne wanda ya fi kusa da na Varro. A zamanin Augustus an sassaƙa jerin konsul da na janar-janar ɗin da aka yi wa bikin nasara a kan allunan marmara a dandalin birnin. An tono gutsattsarinsu a 1546, suna nan yau a gidan kayan tarihi na Capitoline a Rum, ana kiransu Fasti Capitolini. Su daga 752 suke ƙirgawa. Duk lambar da ka gani a cikinsu ta gaza ta Varro da ɗaya: shekarar kafa jamhuriya 245 ce a wurin Varro, 244 a kan marmara. Idan daga waɗannan alluna lambarka ta fito, ɗebe ta daga 753, ka ajiye 754. Bambancin shekara 60 kowa zai hango shi, amma na shekara ɗaya shi ne yake wucewa ba a lura ba, ya shiga littafi, wani ya kwafa.

Ga abin da nake yi, kuma shi nake ba da shawara. Kafin ka amince da lambar wani tsohon marubuci, nemi wani abu a cikin littafinsa da ka san shekararsa tabbas, ka juya lambar da ya ba shi, ka ga ko ta faɗa daidai. Ɗauki Orosius, limamin Kirista da ya rubuta tarihin duniya wajen 417 Miladiyya, wanda yana cikin waɗanda suka fi kowa amfani da AUC. Ya ce Alaric, sarkin ƙabilar Gothawa, da mutanensa sun fasa Rum a shekara ta 1164. Ɗebe 753, ka samu 411. Amma mun san a watan Agusta na 410 abin ya faru, wato 1163 a lissafin Varro. Ka gano gocewar ɗaya ke nan. Sai dai kada ka ɗauka gocewar iri ɗaya ce daga farkon littafi zuwa ƙarshensa. Marubutan nan daga majiya daban-daban suke ɗebowa, sannan masu kwafar littattafai da hannu suna iya sakin I ko X ɗaya a cikin doguwar lamba. Yi gwajin kusa da wurin da kake karantawa, ka sake shi idan ka yi nisa. Eutropius, wanda ya taƙaita tarihin Rum a ƙarni na 4, ya sa kisan Kaisar a wajen shekara ta 709, har ya haɗa da kalmar da ke nufin kusan.

Idan akwai sunan konsul, shi za ka bi

Barume na kan titi ba ya cewa shekara ta kaza daga kafuwar birni. Cewa yake shekarar da wane da wane suke konsul. Da haka ake sa wa doka rana, da haka ake rubuta wasiƙa, har tulun giya ana rubuta masa sunan konsul don a san shekararsa. Abin ya shiga jini har ana barkwanci da shi: a 59 kafin Miladiyya Kaisar ya danne abokin mulkinsa Bibulus ƙwarai, sai mutane suka riƙa cewa shekarar Yuliyus da Kaisar. AUC kayan aikin malamai ne da na manyan bukukuwa. Ko marubucin tarihi Livy, wanda babban littafinsa mai juzu'i 142 yake ɗauke da sunan Ab Urbe Condita, da konsul yake tafiyar da labarinsa shekara bayan shekara, jefi-jefi yake ambaton lamba.

Saboda haka idan nassi ya ba ka lamba da sunayen konsul a tare, suka saɓa, bi sunayen. Jerin konsul yana cikin manyan littattafan tarihin Rum, yana kuma intanet. Ga yadda Suetonius ya rubuta haihuwar Augustus: M. Tullio Cicerone C. Antonio conss. VIIII Kal. Octob. Kalmar conss. tana gaya maka sunayen da suka gabace ta konsul ne. Duba jeri, Cicero da Antonius na 63 kafin Miladiyya ne, 691 AUC. A zamanin sarakunan daular, daga Augustus zuwa gaba, ana sauya konsul a tsakiyar shekara, amma shekarar sunan waɗanda suka kama aiki ranar 1 ga Janairu take amsawa.

Ragowar layin rana ce, kuma tunda tana zuwa tare da shekara, gara ka iya ta. Rumawa suna da ranaku uku tsayayyu a wata: Kalendae ranar 1, Nonae ranar 5, Idus ranar 13, sai a Maris, Mayu, Yuli da Oktoba inda Nonae take komawa 7, Idus 15. Sauran ranaku da baya ake ƙirga su, saura kwana kaza a kai tsayayyar rana ta gaba, kuma ana haɗawa da ranar farko da ta ƙarshe a cikin ƙirgen. Idan Kalendae ce, ɗauki yawan kwanakin watan da ya gabata, ƙara 2, ɗebe lambar. Satumba 30, da 2 ya zama 32, a ɗebe 9, saura 23. Idan Nonae ko Idus ce, 1 za ka ƙara. Ranar kafa birnin kanta XI Kal. Mai. ake rubuta ta: Afrilu 30, da 2, a ɗebe 11, saura 21. Ka kula da ƙananan haruffa a.d. da sukan zo gaban irin wannan lamba. Ante diem suke nufi, kafin ranar kaza, ba su da alaƙa da AD ɗin da Turawa suke sa wa shekarar Miladiyya.

Saura tambayar yaushe shekarar take farawa. Masana na yau sun sauƙaƙa, suna fara shekarar AUC daga 1 ga Janairu, ranar da konsul suka riƙa kama aiki tun daga 153 kafin Miladiyya. Amma wanda ya tsananta daga 21 ga Afrilu zai fara, ranar bikin makiyaya na Parilia. Wani malamin Rum, Censorinus, da yake rubutu a 238 Miladiyya, ya ce yana cikin shekara ta 991 daga kafuwar Rum, ya kuma fayyace cewa daga Parilia yake ƙirgawa. A irin wannan ƙirge, duk abin da ya faru tsakanin 1 ga Janairu da 20 ga Afrilu yana cikin shekarar baya. Kisan Kaisar ranar 15 ga Maris ne, don haka 710 ce a lissafin yau da kullum, 709 a na Parilia.

Ka kuma rarrabe shiga shekara da cika ta, kamar yaron da ya shiga ta goma alhali tara ya cika. Sarki Claudius ya yi gagarumin biki a 47 Miladiyya, shekara ta 800. Augustus ya riga ya yi irinsa a 17 kafin Miladiyya bisa wani ƙirge dabam, 737 AUC, shekara 63 kacal a baya. Suetonius ya ce da mai shela ya fito yana kira da kalmomin gargajiya, a zo a ga wasannin da ba wanda ya taɓa gani kuma ba wanda zai sake gani, mutane dariya suka yi, domin akwai dattawan da suka kalli na farko da idonsu. Shi kuwa Sarki Philip, wanda ake wa laƙabi da Balarabe, haifaffen Shahba a ƙasar Siriya ta yau, ya yi bikin shekara dubu a Afrilun 248. Juya 248 ka samu 1001. Jira ya yi dubun ta cika. Wani Pacatianus da ya yi masa tawaye a yankin kogin Danube ya buga kuɗi da rubutu ƙarara cewa shekara ta dubu da ɗaya ce. Har gobe birnin Rum yana bikin 21 ga Afrilu, kuma na 2025 shi aka kira na 2778, ko da yake shekarun da suka cika a ranar 2777 ne.

Wuri na ƙarshe da ya kamata ka taka a hankali shi ne duk abin da ya gabaci 300 kafin Miladiyya. A cikin jerin da lissafin Varro ya dogara da shi akwai shekaru huɗu, 333, 324, 309 da 301, da aka ce ba a yi konsul ba, diktato ne shi kaɗai ya riƙe gari shekara sukutum. Diktato kuwa a tsarin Rum shugaban gaggawa ne da wa'adinsa ba ya wuce wata shida, kuma Livy bai san da waɗannan shekaru ba. Akwai kuma shekaru biyar, daga 375 zuwa 371, da aka ce ba a zaɓi manyan shugabanni ba sam. Masana da yawa suna ganin ciko ne aka yi don lissafi ya daidaita. Tasirinsa a bayyane yake a fitaccen harin da Galawa, wata al'umma daga arewa, suka kai wa Rum: Varro ya sa shi a 364 AUC, wato 390, Polybius kuwa, marubucin tarihi Bagirke, ya haɗa shi da yarjejeniyar sulhun da aka ƙulla tsakanin Girkawa da sarkin Farisa, wadda ta faɗa 387 zuwa 386, kuma ƙidayar Girkawa ta wannan zamani ta fi ƙarfi. Ɗebewarka tana iya zama daidai tsaf, amma shekarar da ta fito ta riga ainihin lokacin da uku ko huɗu. Duk da haka 390 ake rubutawa a yawancin littattafai, ni ma ita nake rubutawa, domin idan kowa ya gyara yadda ya ga dama ba za mu gane juna ba. Abin da nake ƙarawa kawai shi ne in faɗi cewa lissafin Varro ne.

In kai ne mai rubutun, sa Miladiyya a gaba, AUC ta biyo, ka ambaci lissafin da ka bi sau ɗaya tun farko. In kuma maganar wani tsohon marubuci kake kawowa, bar masa lambarsa yadda ya rubuta ta. Kada ka mayar wa Orosius 1164 ɗinsa 1163 a ɓoye, domin mai karatun da ya je ya buɗe littafin ba zai sami abin da ka ce ba. Rubuta cewa Orosius ya sa faɗuwar birnin a 1164 AUC, sannan ka ƙara cewa a Agustan 410 Miladiyya ne, 1163 a lissafin Varro.